Daɗin Littafi Ma Hujja Ce

Da zarar wani ya nemi a ba shi shawarar littafin da zai karanta, sai ka ga an yi masa ruwan sunaye, kuma kusan duk jirgi ɗaya ya kwaso su: yadda za ka yi arziki, yadda za ka zama shugaba, halaye kaza na mutanen da suka yi nasara. Ban raina su ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka mayar da karatu kamar shan maɗaci, in bai yi ɗaci ba ba a yarda magani ne ba. Wanda aka gani da ƙagaggen labari kuwa, sai a ce ba shi da aikin yi.

Ni a wurina, littafin da ya hana ka barci ya riga ya biya kuɗinsa, ko labarin gaske ne ko ƙirƙira.

A ɓangaren na gaske, ban ga wanda ya kai littafin tafiye-tafiyen Ibn Battuta nishaɗi ba. Mutumin nan ya bar garin Tanja na ƙasar Maroko a 1325 da niyyar aikin hajji, sai ya yi kusan shekara talatin yana yawon duniya. Ana koyar da shi a matsayin tarihi, amma malam, mutum ne mai ƙorafi da son girma, kuma nan daɗin yake. Da ya isa Mali a 1352, sarkin ƙasar, Mansa Sulaiman, ya aiko masa da kyautar baƙunta. Gogan naka ya miƙe tsaye yana jiran riguna da kuɗi, aka buɗe sai ga gurasa uku, da ɗan soyayyen nama, da ƙwaryar nono. Shi da kansa ya ce dariya ya yi. Daga wannan ɗan ƙorafin za ka fahimci yadda malamai matafiya ke rayuwa da kyautar sarakuna a wancan zamani, fiye da yadda babi guda na littafin makaranta zai fahimtar da kai.

Haka tarihin rayuwar Malcolm X, wanda Alex Haley ya taya shi rubutawa, ya fito a 1965, shekarar da aka kashe Malcolm ɗin. Mutane sun fi tuna zafin bakinsa a kan wariyar launin fata a Amurka. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne zamansa a kurkuku: ya ga ba ya iya rubuta wasiƙa mai ma'ana, sai ya ɗauki ƙamus yana kwafewa da hannu shafi bayan shafi. In an kashe fitila da dare, ya zauna a ƙasa yana karatu da ɗan hasken da ke shigowa daga baranda, in ya ji takun mai gadi ya koma gado ya yi kamar barci yake.

To ƙagaggun fa, da ake wa kallon hadarin kaji? Magana Jari Ce na Abubakar Imam gaba ɗayansa hujja ce a kan masu wannan raini, domin da labari kawai aku ya riƙe Musa ɗan sarki a gida, ya tsare shi daga makircin Waziri. A Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, Okonkwo ya sare yaron da ke kiransa baba don kada a ce masa rago. Ka karanta wurin nan sau ɗaya, ba ka buƙatar lacca a kan abin da tsoron bakin mutane ke sa namiji ya aikata. Animal Farm na George Orwell ɗan ƙarami ne, a zama ɗaya ana gama shi, kuma Bala Abdullahi Funtua ya mayar da shi Hausa da sunan Gandun Dabbobi. Wanda ke bin siyasa zai riƙa ganin fuskokin da ya sani a cikin aladun nan, ba sai an nuna masa ba.

Wanda na fi jin takaicin yadda ake tsallake shi shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Wasu da sun ji sunan marubuciya mace sai su ce ai littattafan soyayya ne, su wuce. Alhali labarin Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta ya kora bayan ya yi amarya, ta ɗaura ɗamara ta riƙe 'ya'yanta da sana'arta. Babu kuka mai yawa a ciki, akwai ma wuraren da za ka yi dariya kana jin haushi. A 2012 wani kamfanin buga littattafai a Indiya ya fitar da fassararsa ta Turanci, wasu daga cikinmu sai a lokacin suka fara tambayar inda za su samu na Hausar.