Raket naka ne, raga da ƙwallo na kowa ne

Tanis na 'yan motsa jiki ba shi da alƙalin wasa. Mutum biyu ne ko huɗu, da raga a tsakaninsu, kowa shi ke yanke hukunci a ɓangarensa. Yawancin gardamar da ake ji a kan layi ce, ƙwallo ta faɗa ciki ko waje. Amma a ganina maguɗin da ya fi cin rai shi ne wanda ake gamawa tun ba a buga ƙwallon farko ba, wato taɓa kayan wasa. Na yi tanis a filin siminti a Birnin Kebbi tare da ma'aikatan gwamnati da ke fitowa bayan la'asar, yanzu kuma ina yinsa a Leeds, arewacin Ingila, inda aiki ya kawo ni. Duka wuraren biyu akwai masu wayo. Yadda ake yin wayon da yadda ake yin shiru a kansa ne suka bambanta.

Bari in fara da abin da ba laifi ba ne, domin a gida ana yawan zargin mutum a banza. Raket ɗinka mallakinka ne, doka ta ba ka filin gyara shi mai faɗi. Kana iya manna masa siririn tef na dalma a kai don ya ƙara nauyi, manyan 'yan wasa ma suna yi. Kana iya ɗaure igiyarsa tamau ko ka sassauta. Kana iya ƙara naɗi a mariƙa. Abin da hukumar tanis ta duniya, ITF, ta gindaya kaɗan ne: kada tsawonsa ya wuce santimita 73.7, igiyoyin su zama saƙa ɗaya a shimfiɗe, wannan ta bi saman waccan ta bi ƙarƙashin ta gaba, ita kuma 'yar robar nan da ake maƙalawa don rage girgiza a ajiye ta wajen saƙar, ba a tsakiya ba. Ko igiyarka ta tsinke kana da damar ƙarasa wasa da ita, sai fa in masu shirya gasa sun hana. Saboda haka idan yaro ya dawo daga Kaduna ko Legas da raket mai tef, ba asiri ya yi ba.

Dokar saƙar nan tana da tarihi. A shekarun 1970 wani Bajamushe mai suna Werner Fischer ya fito da wata irin ɗaura mai hawa biyu, igiyoyin ba su sarƙe da juna ba, suna zamewa suna dawowa, sai ƙwallo ta riƙa juyi tana tsalle kamar mai aljanu. Turawa suka laƙaba mata sunan taliya. Wani Ba'amurke da ba a san shi sosai ba, Mike Fishbach, ya doke Stan Smith da ita a gasar US Open ta 1977. Bayan 'yan makonni Ilie Nastase ya fito da ita a Aix-en-Provence ta Faransa a kan Guillermo Vilas, wanda ya yi wasa fiye da 50 a jere a filin jar ƙasa ba a ci shi ba. Vilas ya sha kashi a seti biyu, wato manyan zagayen wasa biyu, ya ajiye raket ya fita. ITF ta haramta ɗaurar nan take. Abin lura, ranar da Nastase ya yi amfani da ita babu dokar da ya karya. Shekara 20 bayan haka Gustavo Kuerten na Brazil ya ci gasar Faransa ta 1997 da igiyar poliyesta, wadda ita ma ke ƙara wa ƙwallo juyi, ba wanda ya hana, yau kusan kowa ita yake ɗaurawa. Ke nan iyakar dabara da cuta ba a kan dutse aka zana ta ba. Mutane ne ke zama su amince.

To, a nan Ingila wannan ne ciwon. Komai a rubuce yake, kuma mutumin da ya haddace rubutun ya san daidai inda ya ƙare. Akwai masu fesa wa igiya man silikon don ta yi santsi, su yi abinsu a mota kafin su shigo, in an tambaya su ce a nuna musu layin da ya hana. Akwai mai zuwa wasan lig na hunturu da gwangwanin ƙwallon da ya kwana a but ɗin mota cikin sanyi, saboda ya san abokin karawarsa mai duka da ƙarfi ne, ƙwallo mai sanyi kuwa ba ta tashi. Akwai wanda zai “manta” da sandunan da ake tokare raga da su idan za a yi wasan mutum ɗaya da ɗaya a filin mutum bibbiyu, domin rashinsu na sa ragar ta sauka a gefe, shi kuma bugunsa ta gefen layi ne. Duk da murmushi ake yi, da gaisuwa, da tambayar lafiyar iyali. Wanda aka cuta ba zai ce uffan ba, sai ya koma gida ya rubuta wa sakataren lig wasiƙa.

Amma akwai abu guda da suke yi wanda na yaba. Kafin wasa wani zai ɗauko ma'auni ya auna tsakiyar raga a gaban kowa, ba wanda zai ji an zarge shi. Tsayin da doka ta ce santimita 91.4 ne a tsakiya, mita 1.07 a wajen turaku. Haka za a fasa sabon gwangwani a idon kowa, a ji tsakin iskarsa. Al'ada ce kawai, kamar yadda ake ƙirga kuɗi a gaban mai shi ko da ɗan'uwanka ne.

A gida matsalarmu ta fara ne daga rashi. Gwangwanin ƙwallo uku kuɗi ne mai ciwo, don haka ƙwallon da Bature zai ba karensa mu da ita za mu yi wata guda. Doka ta ce ƙwallo ta yi nauyin giram 56 zuwa 59.4, idan aka sake ta daga tsayin santimita 254 ta yi tsalle tsakanin 135 da 147. A manyan gasa ana canza ƙwallaye bayan gem 7 na farko, wato ƙananan zagayen wasa, daga nan duk bayan 9. Mu kuwa siminti ya aske mata gashi, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya gasa ta, ƙurar hunturu ta rina ta. A cikin jaka ɗaya za ka samu mai rai, da mai rabin rai, da gawa. Ragar ma rana ta cinye ta, maɗaurin tsakiya ya tsinke tun tuni an maye shi da igiyar shanya. Ba na kiran wannan maguɗi. Wanda ba shi da sabuwa dole ya yi da tsohuwa, kuma in dukanmu da matacciyar ƙwallo muke wasa, adalci bai taɓu ba.

Inda yake taɓuwa shi ne wajen rabon. Mai sabis, wato mai fara buga ƙwallo, ya latsa ƙwallayen da babban yatsa, ya zaɓi mai ran ya yi sabis ɗinsa na farko, wannan ba komai, ƙwararru ma suna zaɓe cikin ƙwallayen da aka amince da su. Amma idan aka juya, sabis ya koma hannun abokinsa, sai mai ran ta ɓace a aljihun wandonsa, yaron da ke tsintar ƙwallo ya miƙa wa ɗayan gawar. Yaron ya san abin da yake yi, ya kuma san wanda ke ba shi na abinci idan an tashi. Ko a ja igiyar tsakiyar raga don ragar ta sauka ranar da mai gida ke fama da sabis, ko a ɗaga ta ranar da wani matashi mai ƙarfin hannu ya zo. Tazarar yatsa biyu ta isa ta canza wasa. Wasu ma da zuciya ɗaya suke auna raga da tsohuwar dabara, tsawon raket a ɗora faɗin kansa. Wannan lissafin na zamanin raket ɗin katako ne, inci 27 da inci 9 su ba da 36. Kan raket na yanzu ya fi haka faɗi, duk wanda ya auna da shi ragarsa ta yi tsawo.

Wa zai yi magana? Filin tanis a garuruwanmu wurin manya ne, babban sakatare, kwamishina mai ritaya, hafsan soja, likita. Matashin da ya samu shiga alfarma aka yi masa, wataƙila ma raket ɗin da ke hannunsa kyautar Alhajin ne. In ya daure ya ce, “Ranka ya daɗe, kamar ragar ta ɗan sauka,” amsar da zai ji ba ta wuce, “Kai yaro, wagga raga tun ba a haihe ka ba haka take.” A yi dariya, ya sunkuyar da kai, a ci gaba. Ba na cikin masu cewa girmama manya ne ya hana mu ci gaba, na ga ƙasar da yaro ke kiran sa'an kakansa da gundarin suna, ban kuma ga abin sha'awa a ciki ba. Sai dai kunya idan ta zama mafakar mai ha'inci, ta tashi daga kunya. Dattijon da ya ci yaro da saukakkiyar raga ya san bai ci ba, yaron ya sani, mai tsintar ƙwallo ya sani. Kuma wannan na ukun shi ne abin tsoro, domin daga cikinsu 'yan wasa ke fitowa. Nduka Odizor, wanda ya kai zagaye na huɗu a babbar gasar Wimbledon ta Ingila a 1983, da tsintar ƙwallo ya fara a Legas. Abin da yaro ya gani ana yi a fili yana ɗan shekara goma, shi zai ɗauka wasa ne.

Abin haushin, mu Kabawa mun riga Turawan lig ɗin Leeds sanin maganin wannan. Dubi Argungu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi a Matan Fada, kuma ƙa'idar kayan aiki a fili take: homa da gora, kowa da irin na kowa. Ruwan a rufe yake sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, ba mai tsoma ƙafa sai an ba da alama, kifin kuma a bainar jama'a ake ɗora shi a sikeli. A 2008 wanda aka ba na ɗaya da kifi mai fiye da kilo 60 an karɓe kyautarsa, bayan an gano kifin ba a wurin aka kama shi ba, shigo da shi aka yi. Masunta 'yan'uwansa ne suka ƙi yin shiru. Hikimar tsarin ita ce binciken yana kan kowa, saboda haka bai zama cin fuskar kowa ba. Ba wanda ke jin an raina shi don an auna kifinsa.

Wannan nake so mu kai filin tanis. Kafinta ya yanko sanda mai santimita 91.4, a rataye ta jikin turken raga, ya zama aikin yaron fili ne ya auna kafin kowane wasa, ko wane ne zai buga. Ƙwallaye kuma a zube su gaban duka 'yan wasan, a sake su daga tsayi ɗaya, a ware uku ko huɗu da suka yi kusa da juna, sauran a mayar jaka a zuge. Wanda ya fasa sabon gwangwani, Allah ya saka masa, amma sayensa bai ba shi ikon riƙe mai kyau a aljihu ba. Da ta shiga fili ta zama ta kowa. Da haka matashi ba ya bukatar ya tuhumi sa'an mahaifinsa, sanda ce ta yi magana, Alhaji kuma ba ya da wanda zai yi wa fushi.

Saura raket ɗin wani. A nan Turawa sun fi mu tsauri, har ya yi yawa, mutum zai ga igiyarka ta tsinke yana da uku a jaka ya bar ka ka tafi gida. Mu muna ara, kuma ina alfahari da hakan, don da babu aro da rabinmu ba mu taɓa riƙe raket ba. Amma aro da sa hannu a jakar mutum ba tare da ya sani ba daban ne. Kada ka ɗauki raket ɗin wani ka buga shi a tafin hannu ko a dunduniyar takalmi wai kana gwada igiya. Kada ka ɓare masa naɗin mariƙa don hannunka ya fi nasa ƙanƙanta. Kada ka bar shi kan siminti a rana ko cikin rufaffiyar mota, zafi na sassauta igiya. Idan ta tsinke a hannunka, ka faɗa, ka biya ɗaurin, ko da mai shi zai ce ka bar shi. A garin da mai ɗaura igiya ɗaya ne, wani lokaci ma sai an aika raket Sakkwato ko Kaduna a motar haya, tsinkewar igiya na iya zaunar da mutum mako biyu.

Shi ma mai ɗaurin amana ce a hannunsa, domin shi kaɗai ya san nauyin da ya ja wa igiyar kowa. In na ce masa kilo 24 ya ja 20 saboda injinsa ya tsufa, ya gaya mini, zan san yadda zan buga. In kuwa ya sassauta ne saboda gobe da mai gidansa zan kara, wannan algus ne, hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mai algus kuwa bai ware filin wasa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ya rubuta nauyin da kwanan wata a ɗan tef ya manna a wuyan raket, kamar yadda masu ɗauri ke yi a nan, sannan a bar mai raket ya tsaya ya ga an saita injin in yana so.