Kin Ga Tafi, Ba Ki Ga Yatsu Ba

Wai yau ni ce mai kwaikwayo. Da sassafe aka ɗora a WhatsApp cewa a yi hattara da masu satar haɗin turare, har da alamar dariya a ƙarshe. Ba sai na kama suna ba, ku da kuka yi ta turo min hoton kun san ta, ita ma ta san kanta. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Shiru na yi mata. Da dare na kunna The Prestige a babbar talabijin, fim ɗin Christopher Nolan na 2006, labarin wasu 'yan rufa-ido biyu a Landan ƙarshen ƙarni na 19, Angier da Borden, waɗanda suka fara sana'a a inuwa ɗaya kafin gaba ta shiga tsakaninsu. Da a waya na taɓa kallonsa, kwafi mai hazo. Wannan karon da HD ne, hoto tar, har zaren bandejin da ke hannun Borden kana gani.

A nan na tsaya. Borden yana da wasa ɗaya, ya shiga wannan ƙofa ya fito ta waccan kafin ƙiftawar ido, wasan da ya hana Angier barci. Tsohon da ke haɗa wa Angier kayan wasa, Cutter, ya gaya masa gaskiya ƙiri-ƙiri cewa mutum biyu ne, ya ƙi ji. Ya tura yarinyar da ke taya shi wasa, Olivia, ta je ta leƙo masa asiri. Ya tsallaka har Colorado Springs a Amurka wurin Nikola Tesla, masanin wutar lantarki, ya zubar da dukiya a kan na'ura. Alhali sirrin duka tagwaye ne, rai biyu suna raba rayuwa ɗaya. Da harsashi ya cire wa ɗaya yatsu biyu, ɗayan ya miƙa hannunsa aka sare nasa don kada a bambance su. Matar gida tana ɗaure ciwon tana mamakin yadda ya dawo ɗanye yana jini. Angier tafin jama'a kawai ya gani, bai ga yatsu ba.

Ke ma tafi kika gani, baiwar Allah, ba ki ga yatsu ba. Kin ga kwalaben humra a jere, kin ga amare suna layi, ba ki ga tabon narkakken sukari a bayan hannuna ba. Ba kya nan lokacin da nake durƙushe gaban kasko a Maiduguri wurin gwaggona, hayaƙi na cin idona, tana sa ni zubar da tukunya guda saboda wuta ta ɗan yi yawa. Kin janye yarinyar da ke min aiki da alkawarin ƙarin kuɗi, ta rattabo miki sandal da hawi da farce, kika rubuta a takarda kika ɗauka kin gama. Sunan kaya kowa ya sani, a kasuwa ake sayar da su. Lokacin sauke kasko fa? Wannan a hannu yake, kuma hannun nawa ne.

Da Angier ya ɗauko wani mashayi mai kama da shi don ya riƙa fitowa gaban jama'a a madadinsa, shi yana ƙarƙashin dandamali cikin duhu yana jin ana tafa wa wani. Duk wadda ta yaba turarenki yau, haɗina take yabawa, kin kuma sani.

Wallahi abin ya ƙona min rai. Ni na fara kai ki wurin mai itace. Ni na tura miki amare biyu lokacin da ba ki da ko mutum ɗaya, na ce ƙanwata ce ku riƙe ta amana. A ɗakina kika ci kika sha, yau ki tashi ki kira ni ɓarauniya a gaban duniya? Me na sata a wurinki, me kike da shi? Na yi shiru da aka ɗauke yarinya, na yi shiru da kika kwaikwayi kwalbata har launin murfi, saboda mutuncin mahaifiyarki da nake gani. Wannan kam ba zan haɗiye ba. Ki sauke rubutun nan yau. Kuɗin da na ranta miki kika kama shago kuma, wanda ban taɓa buɗe baki na tambaya ba, ina son abina kafin Juma'a.