Faten Iya, da abin da na gano ranar da na gyara kicin

Juma'ar da ta wuce na dafa faten tsaki, na zuba a kula na aika wa yayana Tudun Wada. Bayan la'asar sai ga kiransa. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, kin kusa, amma na Iya ya fi ƙamshi." Wallahi ban ji haushi ba, gaskiya ya faɗa. Shekara 6 ke nan da rasuwar kakarmu, Allah ya kai haske kabarinta, kuma har yau a cikin jikokinta mata babu wadda ta iya fitar da fate irin nata. Wannan abu yana cin raina.

A gidanta na tashi, cikin birnin Zariya, ba nisa da Ƙofar Doka. Madafarta rumfa ce kawai da murhun duwatsu uku, bango ya yi baƙi ƙirin saboda hayaƙi, ga ragaya a rataye da ƙorai. Ba ta da cokalin awo. In ka ce, "Iya, gishiri nawa zan sa?" sai ta kama hannunka ta zuba maka a tafi, ta ce, "Riƙe, ji nauyinsa." Karatun ke nan. Mu kuwa a lokacin hankalinmu na kan makaranta da wasa, muna ganin Iya tana nan kullum, in mun girma ma koya.

Ɗan abin da na tsira da shi, ga shi, ko wata za ta amfana. Ita tana fara ɗora ƙashi ne da daddawa da albasa tun ruwa na sanyi, su daɗe suna tafasa tare har ƙamshin daddawar ya kwanta ya daina hawa kai. Sai wake. Tsakin masarar kuma sai ta wanke shi sau biyu ko uku, dusar ta taso ta tsiyaye, sannan ta riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan tana juyawa don kada ya yi gudaji. Gyaɗa dakakkiya na biye, da gauta 'yar ɗaci. Yakuwa ita ce ƙarshe, kuma a kan wannan ba ta wasa. Na taɓa zuba yakuwa wake bai nuna ba, ta dube ni ta ce yau sai dai mu tauna tsakuwa. Haka kuwa aka yi, domin tsami yana hana wake laushi ko da za a kwana ana hura wuta. Sai da na girma na ji masu ilimin abinci na faɗin haka, ita kuwa ko aji ɗaya na boko ba ta taɓa shiga ba.

To ina ƙamshin ya tafi? Na daɗe ina wannan tunani, kuma na tsaya a kan daddawa. Iya ba ta sayen daddawa. Da kanta take yi. A dafa kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, yini guda har ta yi laushi, a surfa a turmi ɓawon ya fita, a wanke, a sake dafawa, a zuba a ƙwando a lulluɓe a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku ta ruɓa, sannan a kirɓa a mulmula a shanya. Warin da ke cika gidan a waɗannan kwanaki shi ne muke gudu, muna toshe hanci. Yau ga shi shi nake nema da kuɗina ban samu ba. Ba na zagin Maggi, ina sa shi a miyata kullum. Amma dunƙule ɗaya ne ɗanɗanonsa daga Zariya har Legas, daddawa kuwa kowane gida da irin tasa. Shi ya sa a da yaro ke gane miyar gidansu ko a cikin kwanukan biki goma.

Itacen ɗorawa nan ma ba daddawa kaɗai ya ba mu ba. Garin ɗorawa mai ruwan ƙwai mun sha shi muna yara, ɓawon kuma shi ake jiƙawa a samu makuba, wadda iyayenmu ke yin daɓe da shafen bango da ita don ruwan sama kada ya ci ginin ƙasa. Itace guda ya gyara miya, ya gyara ɗaki. Mu Zage-zagi bai kamata a koya mana ado da abin da ke kusa da hannu ba. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa da azara a shekarun 1830, garin da har yau in ka ratsa lungunan birni za ka ga tsofaffin zaure da zanen bango da zankwaye, a ce sai mun leƙa Instagram kafin mu san yadda za mu ƙawata wurin girkinmu?

Abin da ya kawo ni wannan magana, bayan sallah na ƙudura gyara kicin ɗina na nan Samaru. Na je na ji farashin kabad da tayil, na dawo gida jiki a sanyaye. Sai na yi abin da aljihuna zai iya. Na sa aka goge bango aka yi farin fenti, nan take wurin ya yi kamar an ƙara masa faɗi. Kafinta ya kafa mini katako biyu a bango. Kwalaben da nake zubarwa na wanke su na shanya suka bushe sarai, na zuba kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, citta, kanumfari, masoro da kanwa, kowace da sunanta a jiki. Kukar dai na sa ta can inda rana ba ta kaiwa, domin haske na kashe mata kore. Na buga ƙusoshi na rataye muciya, maburgi, ludayi da mara. Faya-fayan Iya guda uku masu launi da aka ba ni a rabon kayanta, waɗanda suka shekara biyar a ƙasan akwati, na fito da su na jera a saman ƙofa. Duk wadda ta shigo, su take fara tambaya.

Abu ɗaya da ban yi tsimi a kansa ba shi ne taga. Na sa aka faɗaɗa ta. Idanun Iya sun lalace tun kafin tsufa ya kama ta sosai, ga tari da ba ya jin magani, kuma duk mun san hayaƙin itace ne na shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, mafi yawa daga hayaƙin girki, na kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara. Ina son girkin Iya, amma ba na yi wa 'yata fatan huhunta. Mai gas ta yi da gas, mai gawayi ta fitar da murhunta inda iska ke kaɗawa.

Daga ƙarshe na sayi kujera 'yar tsugunne, kuma a duk abin da na kashe kuɗi a kai ita ta fi mini amfani. Na lura kicin ɗinmu na zamani a tsaye ake komai, mutum ɗaya, ƙofa a rufe. Tsohuwa mai ciwon gwiwa in ta zo gidanki falo za ki ajiye ta gaban talabijin, ki kawo mata abinci a tire, ta ci ta sa albarka ta tafi da duk abin da ke kanta. Ta ina za ki koya? Ta ina 'yarki za ta gani?

Goggona, autar Iya, tana nan da ranta a Gyallesu, ita kaɗai ta rage da ta san hannun. Na ɗauko ta ran Asabar na zaunar da ita a kujerar nan, na ce, "Goggo, yau ke ce malama." Ta yi dariya ta ce ashe za a zo wannan rana. Na kunna waya ina ɗaukar muryarta, 'yata mai shekara 12 tana gyaran yakuwa a gefe. A nan na ji abin da ban taɓa sani ba: Iya tana ɗan gasa daddawar a bakin wuta kafin ta daka, kuma man shanu ba ya shiga sai an sauke tukunya.

Na riga na sayi kalwa tiya biyu a kasuwar Sabon Gari. Goggo ta ce in tanadi itace da ƙwando, in kuma ba maƙwabta haƙuri tun yanzu, domin mako mai zuwa daddawa za mu yi.