Ga mai cewa an ƙaryata Einstein

Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba. Amma wanda ya yi ta shelanta wa yaran mutane cewa wai an ƙaryata Einstein, har yana bugun ƙirji shi ya daɗe da hango haka, ya san kansa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Malam, kanun labarin sakamakon DESI, na'urar binciken sararin samaniya, ka karanta ka tsaya. Da ka gangara ƙasa, da ka ga abin da masu abu suka faɗa da bakinsu.

A tsaunin Kitt Peak da ke jihar Arizona ta Amurka aka ɗora na'urar DESI a kan madubin hangen nesa mai faɗin mita 4. Tana da 'yan hannayen inji 5,000, kowanne riƙe da siririn zaren gilashi, yana saita shi a kan galaksi (wato babban tarin taurari) guda don ya kamo haskenta. Abin da ake nema shi ne yadda galaksi ke taruwa gungu-gungu, domin ƙarfin fizga ne ke jan su zuwa inda cunkoso ya fi yawa, kuma nazariyyar Einstein ta 1915 a kan wannan ƙarfi ta faɗi saurin da taruwar za ta yi. In ta yi kuskure, a nan za a kama ta. A Nuwamban 2024 masanan DESI suka fitar da sakamako daga galaksi da kwasa (quasar, wato cibiyar galaksi mai tsananin haske) kusan miliyan 6, tarihin shekaru biliyan 11, lissafin ya dace da abin da aka gani. Wannan ba ka taɓa ambata wa mabiyanka ba. Me ya hana?

Abin da ka tsinta na Maris 2025 ne, kuma magana ce a kan ɓoyayyen makamashin da ke ƙara wa sararin samaniya saurin buɗewa: akwai alamar ƙarfinsa na raguwa da tafiyar zamani. Alama ce mai girma, ni ma ta hana ni barci. Amma ƙarfin hujjar, a ma'aunin tabbaci da ake kira sigima, tsakanin 2.8 ne da 4.2, gwargwadon bayanan da aka haɗa, alhali sai an kai 5 ake cewa an gano abu. Ko ta tabbata ma, tana iya zama a cikin lissafin Einstein ɗin.

Abin da ya fi ƙona min rai, akwai ɗalibai da suka fara tambaya ko karatun fiziks ɗinsu ya tashi a banza. Yaro ya yarda da kai, ka sayar masa da hayaniya don a danna maka laik!

Neman gyara ga Einstein ba laifi ba ne, manyan masana na yi. Sai dai suna kawo lamba a gwada. A Agustan 2017, da taurarin niyutiron (ragowar manyan taurarin da suka mutu) biyu suka yi karo, igiyar fizga (girgizar da karon ya haifar a sararin samaniya) da haske suka iso mana da tazarar daƙiƙa 1.7 kacal bayan tafiyar kusan shekara miliyan 130, nazariyyoyi da yawa masu cewa saurinsu zai bambanta suka rushe, masu su suka haƙura suka koma kan allo.

To ina taka lambar? Bayanan DESI na shekarar farko a buɗe suke ga kowa tun Maris 2025. Sauke su, yi lissafinka, ka nuna mana inda Einstein ya kuskure. In ba za ka iya ba, ka goge rubutun nan ka gaya wa yaran gaskiya.