An karɓi kuɗin awon jini, wa zai karanta takardar?

Abin da ake yi wa masu tsohon ciwon ciki a Damagaram ya isa haka nan. Mutum ya shekara yana fama da gyambon ciki, ko zawo mai tafiya yana dawowa, ko kumburin hanji. A taso shi daga Miriya ko Tanut ko Gure, ya biya mota, ya kama layin labo tun da asuba ko koko bai sha ba, ya zube jakunkunan sefa, a miƙo masa takarda da faransanci an zagaye lambobi biyu da jan biro. Ya kai wa majo, a yi mata kallo ɗaya, a ce "Baba, jininka ne ya yi ƙasa," a rubuta masa maganin ƙarin jini. To, jinin ina ya tafi? Ba wanda ya tambaya.

Alhali amsar tana nan cikin takardar NFS, wato awon ƙidayar ƙwayoyin jini, da ya riga ya biya. Emogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launin ja, ƙasa da 13 ga namiji, ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 11 ga mai juna biyu, ƙarancin jini ne, wannan kowa ya sani. Amma ƙasa kaɗan akwai layin VGM, wanda ke nuna girman ƙwayoyin jini. Tsakanin 80 da 100 shi ne daidai. In ya sauka ƙasa da 80, yawanci sinadarin ƙarfe ne ya ƙare, kuma ga mai ciwon ciki ma'anarsa ɗaya daga biyu: ko jini na zurarewa a ɓoye ta gyambo, tsutsar ciki mai shan jini ko wani ƙari, ko kuma hanjin ba ya tsotse abincin. In ya haura 100, sai a nemi bitamin B12 ko folat, nan kuwa ko ya sha katan guda na maganin ƙarfe ba abin da zai gyara. Namiji baligi ko matar da ta daina al'ada, ƙarfensu ba ya ƙarewa haka kawai. Irinsu awon fibro ya kamace su, a zura kyamara a ga inda ke tsiyaya. Cika jarka mai huji ake ta yi, ana karɓar kuɗin ruwa kowane wata.

Feritin ma, awon ajiyar ƙarfe a jiki, ana wasa da shi. Ƙasa da 30 rumbun ƙarfe ya yi ƙasa, babu gardama. Sai dai feritin yana hawa duk lokacin da jiki ke da kumburi, don haka mai kumburin hanji zai iya fitowa da 70 ko 80 a ce masa lafiya lau, alhali jikinsa na kukan ƙarfe. Shi ya sa ba a karanta shi sai da CRP, awon da ke nuna kumburi, a gefensa. Sau nawa ake rubuta su tare?

Wani abin takaicin, ba duk lambar da ta ɓaci ce laifin jikin majinyaci ba. A ɗaure hannu da roba fiye da minti ɗaya ana lalubar jijiya, a ce ya yi ta dunƙule hannu yana saki, a ja da ƙaramar allura da ƙarfin tsiya, sannan a tura jinin cikin kwalba ta bakin allurar. Ƙwayoyin jini su farfashe, potasiyom ya hau sama da 5,5 ga mutumin da ƙodarsa garau take. A fara cika kwalba mai murfi shunayya kafin ta awon gishirin jiki, abin da ke cikinta ya gurɓata ɗayar: potasiyom ya yi sama, kalsiyom ya faɗi. A bar kwalabe kan tebur cikin zafin Afrilu da Mayu, kuran ya ɗauke, injin juya jini na tsaye. Sukarin da ke cikin jinin da ba a tace ba yana raguwa kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari kowace awa, sai in kwalbar mai murfi ruwan toka ce. Duk mai aikin labo ya karanta wannan a makaranta. Layi ɗaya ya isa a ƙasan takarda: jinin ya farfashe, a sake ɗiba. A'a, sai a buga hatimi a miƙa, iyali su kwana ba barci.

Ga kuma mai zawo da ya bushe. Ruwan jikinsa ya tafi, jinin ya yi kauri, emogulobin ya fito kamar daidai, ire da kireyatinin, awon aikin ƙoda, su ɗan hau. A ce masa jini ya isa amma ƙoda ta taɓu, duka biyun ba gaskiya ba. A mayar masa da ruwa a sake awo shi ne aikin.

Maganar H. pylori, ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki, kuwa ta zama kasuwa. Awon jini na wannan ƙwayar cuta yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ita ne kawai, kuma yana iya ci gaba da fitowa watanni, har shekaru, bayan an warke. Amma sai a sake shi bayan magani, a ce "har yanzu tana nan", a sake ɗora wa mutum antibiyotik iri biyu na mako biyu. Abin da ke tabbatar da warkewa awon bayan gida ne ko na numfashi, bayan mako 4 da gama antibiyotik, da mako 2 ba a sha omefrazol, maganin gyambon ciki, ba. Shi kansa omefrazol ɗin da ake sha shekara da shekaru kamar goro yana rage tsotsar ƙarfe, B12 da magneziyom. Haka awon jini na Widal, duk mai ciwon ciki da ɗan zazzaɓi sai a manna masa taifot da shi.

Kuma a riƙa tambayar mutane abin da suke sha, don Allah! Diklofenak, ibuprofen da asfirin na masu tallar magani a bakin kasuwa suna cikin na kan gaba wajen huda ciki. ALAT da ASAT, awon hanta, sun wuce 40? Kafin a ce "hanta ce, a daina cin mai", a yi awon AgHBs, domin ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu, a kuma tambayi jiƙe-jiƙe da farasetamol nawa ake haɗiya. In plaket, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, ta sauka ƙasa da 150.000 ga saifa ta kumbura, ekografi, wato hoton ciki, ake nema.

Wanda ya gaji ya ɗauki takardunsa ya nufi Kano, wata sabuwa. Mu a nan sukari da g/L muke rubuta shi, kireyatinin sau da yawa da mg/L. Can mmol/L ko mg/dL ne, jini kuma PCV suke kira, wanda ya kai kusan ninki uku na lambar emogulobin. Kireyatinin 10 a takardarmu lafiya ce, a ma'aunin mg/dL kuwa ta mai neman wankin ƙoda ce. Labon da ke buga lamba ba ma'auni, ba iyakar daidai a gefe, ya san irin haɗarin da yake jefa mutane?

Ko maganin ƙarfen da ake rubutawar ba a bayaninsa. Ba a shan sa da shayi ko madara, a bar tazarar awa biyu. Zai baƙanta bayan gida, amma baƙi mai yauƙi da wari kamar kwalta, ko aman jini, ko rama, ko ido ya yi rawaya, wannan asibiti ne a ranar. A sake NFS bayan mako 3 zuwa 4, emogulobin ya kamata ya ƙaru da kusan 2. In ya daidaita a ci gaba da sha wata 3 don rumbun ya cika. In bai motsa ba, a daina ƙara kwalba, a rubuta wa mutum takardar zuwa wurin likitan ciki, da tsofaffin sakamakonsa duka a jere bisa kwanan wata.