Marmarar ƙarya da ake tinƙaho da ita

Wani tsoho maƙwabcina a Padova, nan Italiya, gyaran tsofaffin kayan katako yake yi a ɗan shagonsa da ke ƙasan benenmu. Ranar nan na tarar da shi a duƙe kan wani teburi, da gashin dinya guda a hannu. Ya riga ya shafa wa katakon farin fenti ya bushe, ya bi shi da wani ruwan fenti toka-toka mai maiƙo, wanda ake hango farin ta cikinsa. Sai ya tsoma gashin a baƙin fenti, ya riƙe shi sako-sako ta can ƙarshe, yana ja yana karkaɗa hannu da gangan. Jijiya na fita a karkace, nan da kauri, can kamar zare. Kafin ta sha iska ya ɗauko buroshi mai laushi ya bi ta sama-sama, sai ta nutse, kai ka ce daga cikin dutse take fitowa. Marmarar Carrara ce sak, farin dutsen da ake haƙowa a garin Carrara na nan Italiya, a kan katakon da yaro zai iya ɗagawa. Da ya ga na ƙura ido sai ya ce, "Ku a can kuna da masu irin wannan, ko duk na roba kuke saya?"

Ba da mugunta ya faɗa ba, amma maganar ta soke ni.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, mutanen nan ba sa ɓoye cewa kwaikwayo ne, da shi ma suke tinƙaho. A ƙarni na 18 attajiran Turai sun haukace a kan kabad da akwatunan ƙasar Sin da Japan masu ƙyalli. Kayan ga tsada, ga wuyar samu. Sai masu sana'a a birnin Benis na nan Italiya suka nemo dabara: a buga zane a takarda, a sa masa launi, a yanke shi da almakashi, a manna da gam a jikin kabad, sannan a yi ta shafa masa ruwan ƙaro. A shafa, a bari ya bushe, a goge da samfefa, a sake shafawa, har sai yatsa ya kasa jin bakin takardar. Suka ce masa lacca povera, ƙyallin talaka. Gidan ɗab'i na Remondini da ke Bassano del Grappa ya yi ta buga takardun da ake yankawa domin wannan aiki, yanzu kuma gidan tarihi guda aka ware masa a garin. Abin talakan nan yau sai mai hannu da shuni ke iya sayensa. Ƙaron kuwa, sandarak, daga wata bishiyar arewacin Afirka ake samun sa, musamman Maroko. Wannan kam sai da na gaya wa tsohon.

Haka ma masu zanen marmara. A Ingila an yi Thomas Kershaw, wanda ya ci lambar yabo a babban baje kolin Landan na 1851 da fentin katako kawai, kuma allunan da ya zana suna ajiye a gidan tarihi na Victoria and Albert. A Burusel akwai makarantar Van der Kelen, ba abin da ake koyarwa sai kwaikwayon katako da marmara da danginsu.

Ba zan ce komai nasu daidai ne ba. Matasansu sun guji sana'ar, gidajensu ma cike suke da kayan kamfani da ake ɗaurewa da kusa. To amma ko da ta mutu, sun rubuta sunan wanda ya yi ta.

Mu fa? Kun san kafintocinmu da masu fentinmu, ba sai na faɗa ba. Wallahi hannunsu bai gaza na tsohon nan ba. Na ga wanda zai kalli hoto a waya sau ɗaya ya fitar maka da gado kamar shi ya ƙirƙiro shi, ba makaranta, ba gashin dinya, wani lokaci ba ma wuta. Laifin namu ne, mu masu saye. Aikin da ke son mako uku yana bushewa, mu jibi muke so. Mu taya shi kamar kayan sata, mu riƙe masa ciko, in ya zana marmara da hannu mu ce jabu ce. Amma a kawo fomeka mai hoton marmara daga kamfanin waje, wadda za ta ɓare cikin damina biyu, sai mu biya ba ko tayi. Wa zai zauna yana shafa ƙaro sau talatin alhali yara na jiran cefane?

Shi ya sa suke bari. Akwai wani ɗan uwanmu a nan, kafinta ne ƙwararre kafin ya tsallako teku, yanzu kwali yake ɗauka a wani sito daga asuba zuwa la'asar. Na ce masa ya zo in haɗa shi da tsohon, ko zai samu ya koma kan aikinsa. Ya ce in rufa masa asiri, mutanen gida sun san a kamfani yake aiki, kada a ji ya zo Turai ya koma kafinta.