Ruwa gare mu a Bauchi, amma bulala kaɗai muka tanadar wa mai iyo

Jama'a, yau ba maganar Wikki Tourists ko gasar Firimiya zan yi ba. Akwai wasan da ake kira folon ruwa, wanda yawancinmu ko a talabijin ba mu taɓa tsayawa mun kalla ba, alhali maza suna fafatawa a kansa a gasar Olimfik tun 1900 a birnin Faris. Shekarunsa a gasar ɗaya da na ƙwallon ƙafa. Tarihinsa ne ya sa nake ganin mu mutanen Bauchi muna zaune kan wata asara da ko lissafinta ba ma yi.

Mutum bakwai ne kowane ɓangare, har da mai tsaron raga, wanda ake ganewa da jar hula. Ruwan ya fi ƙarfin tsayuwa, ba a taka ƙasa, kuma ban da gola babu mai izinin kama ƙwallo da hannu biyu. Zango huɗu ake yi, kowanne minti 8. Ƙafafu na ta juyawa a ƙarƙashi don kai ya tsaya a sama, wani ƙato kuma ya rataye a kafaɗarka, ga harbi da yaƙushi da alƙalin wasa ba ya iya gani.

Daga Birtaniya wasan ya fito, kuma su suka ci zinare a 1900 da 1908 da 1912 da 1920. Daga nan shiru, har yau. Waɗanda suka ƙwace shi su ne mutanen Hangari, ƙasar da ba ta da teku ko taku ɗaya, kuma jama'arta ba su cika miliyan 10 ba. Zinare tara gare su: biyu kafin yaƙin duniya na biyu, sai 1952 da 1956 da 1964 da 1976, sannan uku a jere daga 2000 zuwa 2008.

Labarin da aka fi yawo da shi shi ne na 1956 a Melbon ta Ostireliya. A watan Nuwamban shekarar tankokin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe boren mutanen Budafes, babban birnin Hangari, ranar 6 ga Disamba kuma ƙasashen biyu suka haɗu a ruwa. Hangari na gaba da ci 4 da nema, saura kaɗan a tashi, Valentin Prokopov na Sobiyet ya naushi Ervin Zádor na Hangari a gefen ido. Ya fito jini na bin fuskarsa, 'yan kallo suka taso, aka tsayar da wasa. Labari ne mai ɗaukar hankali, amma a ganina ya danne wanda ya fi shi amfani.

Wanda ya fi shi shi ne na Olivér Halassy, ɗan wasan Hangari. Yana yaro ya yi hatsari aka yanke masa ƙafa ɗaya daga ƙasan gwiwa. A haka ya ci azurfa a 1928, ya ci zinare a 1932 da 1936, a wasan da ƙafa ce ke riƙe mutum a saman ruwa. Ka tambayi kanka, yaro irinsa a Wunti ko Jahun, ina zai dosa? Halassy ya samu wurin iyo da wanda zai koya masa. A 1930 aka buɗe katafaren wurin ninƙaya mai rufi a wani tsibiri da ke tsakiyar kogin Danube a Budafes, ga kuma maɓuɓɓugan ruwan ɗumi da Allah Ya hore wa birnin. Daga nan abin ya zama gado. István Szívós ya ci zinare a 1952 da 1956, ɗansa mai sunansa ya ci a 1976, jikansa Márton ya zama zakaran duniya a 2013. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shi ma Dezső Gyarmati, da ya samu lamba a Olimfik biyar a jere, shi ne ya dawo ya horar da 'yan 1976.

Tun 2000 zinaren maza bai bar maƙwabta uku ba: Hangari, sai Kuroshiya a 2012, sai Sabiya sau uku a jere, na ƙarshe a Faris a 2024 da ta doke Kuroshiya 13 da 11. Ita ma Sabiya ba ta da teku. Afirka kuwa, Masar da Afirka ta Kudu ne ke leƙawa jefi-jefi.

To mu dawo gida. Muna da dam ɗin Gubi a bakin gari, kogin Gongola ya ratsa jiharmu, maƙwabtanmu na Gombe na da Dadin Kowa. A Yankari ga ruwan Wikki, garai-garai, ɗuminsa wajen digiri 31 rani da damina. Me muka yi da su ta fuskar koya wa yara iyo? Abin da muka iya shi ne bincike idan yaro ya dawo gida. Uwa ta kama hannunsa ta ja farce a dantse, in layi ya fito fari fat, ga ido ja, ai babu sauran shari'a, sai dorina. Ban ga laifin iyaye mata ba. Sun san tsargiya, sun san gidajen da aka yi zaman makoki saboda kududdufi. Sai dai dukan bai taɓa hana zuwa ba, ya dai mayar da shi na sata. Yaro ya koyi iyo a hannun yaro ɗan'uwansa, a ramin da aka haƙi ƙasar bulo, babu babba a kusa.

Na san abin da za a ce: Malam, ana fama da ruwan sha kana zancen wurin wanka? Gaskiya ne, kuma ban ce gobe a kafa ƙungiyar zuwa Olimfik ba. Amma wuraren ninƙayar da ke garin nan yawanci na otal-otal ne, kuɗin shigarsu ya fi ƙarfin ɗan talaka, kuma yawancin iyaye ba za su tura ɗa otal ba ko kyauta ne. Masu batun sutura su ma suna da hujja, sai dai maganinta mai sauƙi ne: ranar maza daban, ta mata daban da malamai mata, wando kuma ya sauka gwiwa.

Malaman ma ba sai an ɗauko su daga Turai ba. Masuntanmu da sarakunan ruwa, waɗanda ba ma tunawa da su sai kwale-kwale ya kife ko ana neman gawa, sun san ruwa fiye da duk wani mai takarda. A ba su horo kan ceto, a sa musu albashi. Wurin ninƙaya ɗaya na gwamnati a cikin garin Bauchi, mai tsafta, mai kuɗin shiga kaɗan, makarantun firamare su riƙa kai ɗalibai bi da bi. Idan yaran sun iya, a jefa musu ƙwallo da raga biyu. 'Yan majalisarmu da ke rabon jesi da kofuna duk kakar zaɓe, wa zai fara kai wannan gaban majalisar jiha?